Kuɗin Jirgin Da Bai Tashi Ba

 

Mu mutanen Ungogo babu wanda zai ba mu labarin jirgin sama. Filin jirgin Malam Aminu Kano maƙwabcinmu ne, har manomin Fanisau yana cikin huɗa yake ganin cikin jirgi idan zai sauka. Kano kuwa ta karɓi jirgi tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a nan. Amma fa sanin ƙarar jirgi daban, sanin haƙƙin wanda ya biya kuɗin shigarsa daban. Na biyun shi ne nake so mu tattauna, domin ya faɗo a kan makarantarmu, kuma da yawanku kun ji gutsuren labarin a bakin masallaci.

A watan Janairu na 2025 aka gayyaci ɗalibanmu biyu wata musabaƙa a Legas, aka ce ni zan raka su. Lokaci ya ƙure, hanya ga nisa, sai kwamitin makaranta ya yanke a bi jirgi. Tikiti ɗaya naira 120,000, mu uku 360,000 ke nan. Iyaye ne suka yi karo-karo. Akwai wanda ya fitar da buhun dawa daga rumbu, akwai gwauruwar da ta kawo ribar ƙuli-ƙulinta ƙulle a bakin zane. Na rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a bayan rajista, sa'an nan aka tura kuɗin ta banki.

Ranar tafiya mun isa tun da sassafe. Muna kan layi sai saƙo ya shigo wayata, wai an soke tashin jirgin saboda wasu dalilan aiki na kamfani, sai gobe da yamma. Musabaƙa kuwa gobe da safe ce. Na je wurin yarinyar da ke kan kanta, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, hazo ne." Na dubi waje. Hazo dai akwai, sanyin Janairu ne, amma a gaban idona jiragen wasu kamfanoni biyu suka tashi, ɗaya ma Legas ɗin ya nufa. Na rubuta lokacin tashinsu a takarda, na ɗauki hoton allon da ke nuna jirage, na kama hannun yara muka dawo gida. Ƙaraminsu bai ce uffan ba har muka sauka daga adaidaita sahu.

Da dare wani dattijo cikin iyaye ya same ni a zaure. Ya ce, "Malam, ai ƙaddara ce. Allah bai nufi yaran nan da zuwa ba. Wa zai ja da masu jirgi? A bar su da Allah." Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma, rashin zuwan mun karɓa, ba mu da ta cewa. Amma kuɗin nan ba nawa ba ne balle in yafe. In za a yafe, sai mai ƙuli-ƙuli ta yafe da bakinta." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ka gwada."

Wannan magana ta "a bar su da Allah" na daɗe ina jin ta, kuma a ganina sau da yawa tsoron ofis ne yake sa rigar tawakkali. Ɗaliban aji shida da suka kai babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani sun san malamanmu ba su bar batun haya kara zube ba. A can an yi bayani cewa wanda ya yi hayar wata dabba takamaimai zuwa wani gari, ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar. Idan kuwa kai shi garin aka lamunce masa ba tare da an ayyana dabba ba, to mai haya ne zai nemo wata. Mai jirgin ruwa kuma ba shi da lada sai ya isar da kaya inda aka yi da shi. To kun ga tikiti ba wani abu ba ne illa hayar da aka lamunce. Kamfani ya karɓi kuɗi a kan zai kai mu Legas ranar kaza, bai kai ba. Ko ya nemo mana wani jirgin, ko ya dawo da abin da ya karɓa. Wannan ko yaron ibtida'i ba zai yi gardama a kai ba.

Inda aka yi gardama shi ne ƙarin da ke biyo baya, wanda rediyo ke kira diyya. (A fiƙihu diyya ta jini ce da gaɓɓai, amma Hausar yau ta faɗaɗa kalmar, mu ma sai mu bi.) Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, tana da ƙa'idojin kare fasinja a kashi na 19 na dokokinta, waɗanda aka sabunta a 2023. Idan kamfani ya soke jirgin cikin gida bai sanar da kai ba aƙalla awa 24 kafin lokacin tashi, kana da zaɓi: a mayar maka da kuɗinka cif, ko a sa ka a wani jirgin. Bayan wannan kuma akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti. Jirgin ƙasar waje kashi 30 ne, kuma wa'adin sanarwarsa ya fi tsawo, kwana 7. Wanda ya biya da tsabar kuɗi, nan take ake mayar masa. Wanda ya biya ta banki, cikin kwana 14. Ko jinkiri ne ba sokewa ba, bayan awa 2 sai an ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa 3 yana iya cewa ya fasa a ba shi kuɗinsa, in dare ya yi kuma, daga ƙarfe 10 zuwa 4 na asuba, masauki da motar zuwa masaukin suna wuyan kamfani. Ku tuna yawan tsofaffinmu da suka kwana a kan kwali a filin jirgi, ba su san ana bin wani bashin katifa ba.

Sai dai akwai togaciya, kuma ita ce ta sa yarinyar nan ta ce mini hazo ne. Idan abin da ya hana tashi ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazon da ke rufe ido ko guguwa, to babu diyya, kuɗin tikiti kaɗai za a mayar. Wannan adalci ne, ba wanda yake so direban jirgi ya kutsa cikin ƙura da rayukan mutane don gudun biyan kashi 25. Amma a Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ya zama bargon da ake lulluɓe kowane laifi da shi. Jirgi ya lalace, hazo. Fasinja ba su cika ba an haɗe jirgin safe da na yamma, hazo. Kamfani ne ke da nauyin tabbatar da uzurinsa, ba fasinja ba. Saƙon da suka aiko mini da hannunsu bai ambaci yanayi ba ko da kalma ɗaya, shi ya sa na hana yara taɓa wayar har sai da na buga shi a takarda.

Wani abokin aikina, malamin Nahawu, ya tare ni ya ce, "Ustaz, ka ba da 360,000 ka karɓi 450,000, wannan ƙarin ba riba ba ce?" Tambaya ce mai kyau, kuma na ji daɗin da ya yi ta a gaban mutane. Na ce masa riba tana shiga ne inda aka ba da bashi aka karɓi ƙari saboda jinkirin biya. Mu ba rance muka ba kamfani ba, aiki muka saya, kuma ya shiga kasuwar nan ne bisa sanin wannan sharaɗi. Imamul Buhari ya kawo a babin sharuɗɗa labarin wani mutum da ya sa mai raƙuman haya ya shirya masa, ya ce in bai fita tare da shi ranar kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fita ba. Alƙali Shuraihu ya hukunta sai ya biya, tunda shi ya ɗora wa kansa ba tilas. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi na tara a cikin ma'amaloli, ban da inda asalin abin bashi ne, kuma ta ce ba a aiki da shi idan wanda ya saɓa ya tabbatar abin ya fi ƙarfinsa. Ku duba yadda wannan ya zo daidai da togaciyar hazo. Sa'an nan na ce masa, "Malam, da mu ne muka makara jirgi ya tashi, za su yanke mana tara ko ba za su yanke ba?" Ya yi dariya ya ce za su yanke har da ƙari.

Yadda na bi abin ba wani sihiri a ciki. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa gajeriya: sunayenmu kamar yadda suke a tikiti, lambar tikiti, ranar tafiya, lokacin da saƙon sokewa ya shigo, da abin da nake nema, kuɗin tikiti da kashi 25, tare da lambar asusun da aka biya daga cikinsa. Ban zagi kowa ba, ban ba da tarihin musabaƙa ba. Na kai kwafi biyu ofishinsu, na tsaya sai da aka buga hatimi da kwanan wata a nawa. Wannan hatimin shi ne rabin shari'ar, domin "ka dawo gobe" ba ta da shaida. Kwana 14 suka cika shiru. Sai na ɗauki takarduna na kai wa jami'an kare fasinja na NCAA, waɗanda ke da tebur a filin jirgi. Hukumar ta kuma buɗe shafin karɓar koke ta intanet a 2024, ga wanda zuwa zai yi masa wuya. A watan Disamba na shekarar ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni biyar, daga cikin laifuffukansu har da ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci, saboda haka lokacin da na je kamfanoni suna jin zafin abin.

A mako na biyar kuɗin tikiti suka shigo. Diyya kuwa sai aka kira ni aka ce za a ba ni takardar rangwame, in yi amfani da ita a tafiya ta gaba. Na ce wa mutumin, "Ranka ya daɗe, wace tafiya? Mai ƙuli-ƙuli ina za ta?" Ƙa'idar ta ce ba a biyan fasinja da irin wannan takarda sai ya yarda ya sa hannu. Ban sa ba. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa, saboda an gaji, an ga takarda mai kyalli, sai a sa hannu, daga baya ta ƙare a cikin littafi wa'adinta ya wuce.

Kada wani ya ɗauka kullum haka abin yake zuwa da sauƙi. Wata ɗaliba 'yar Nijeriya da kamfanin Emirates ya hana shiga jirgi daga Amurka zuwa Legas a Disamba 2007, alhali tikitinta tabbatacce ne, ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ta yi nasara a 2010. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe diyyar, sai a 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da naira miliyan 2.5. Shekara 11 da ɗoriya! Wanda ba shi da lauya a gida, hanyar hukuma ta fi masa.

Ga iyayenmu masu zuwa Umara akwai abin lura guda biyu. Na farko, yawancinmu ta hannun ejan muke sayen tikiti, kuma idan kamfani zai mayar da kuɗi, ta hanyar da suka shigo suke komawa, wato hannun ejan. Sai ka ga tsoho yana ta zarya ofishin jirgi, alhali kuɗinsa sun yi wata biyu a asusun wani. A karɓi rasit, a karɓi takardar tikitin kanta mai lamba, ba hoton da aka turo a waya kawai ba. Na biyu, idan a Jidda ko Madina aka soke jirgin dawowa, dokar Saudiyya ce ke aiki, kuma wadda ta fara aiki a Nuwamba 2023 ta fi tamu tsanani, diyyar sokewa tana iya kaiwa kashi 150 na kuɗin tikiti. Turai kuwa tun dokarsu ta 2004 suke biyan yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya. In aka jera su, kashi 25 ɗinmu abin kunya ne, kuma shi ɗin ma sai an yi zarya.

Kujerar Hajji hukuncinta daban, domin maniyyaci ba da kamfanin jirgi ya ƙulla ba, da hukumar alhazai ya ƙulla. A 2022 maniyyata kimanin 700 daga jihar Kano ba su samu tashi ba har aka rufe filin jirgin Jidda, hukumar alhazai ta ƙasa ta ba da haƙuri ta ce za a mayar musu da kuɗinsu. A irin wannan, ofishin alhazai na jiha ake bi da rasit, ba kantar jirgi ba.

Tamu diyyar, naira 90,000, ta shigo a mako na takwas. Kuɗin tikiti tuni an bi rajista an mayar wa kowa abin da ya bayar. Sai ga sabuwar mas'ala a zaman kwamiti: ƙarin nan na waye, na waɗanda suka biya ko na waɗanda aka bari a filin jirgi? An kai sallar isha'i ana ja. Masu cewa na iyaye ne suka ce dukiyarsu ce ta jawo shi. Malamin Nahawu ya ce dokar fasinja ta ambata, kuma cutarwar a kan yaran ta sauka, su ne suka yi wata uku suna tilawa har muryarsu ta dushe. Dattijon nan da ya ce a bar su da Allah shi ya raba gardamar, ya ce shi dai ya bar wa yara rabonsa, sauran iyaye suka bi. Aka ba kowane yaro 30,000 a hannun mahaifinsa, kason malami kuma aka sayi tabarmi da shi aka shimfiɗa a ajin 'yan haddar Alƙur'ani.