Idan Yaronka Bai Fito Ba

Ɗana, tunda Allah ya ba ka rumfa har kana da yara a ƙarƙashinka, zauna ka ji abin da zaman Kudu ya koya mini game da yaron da gari ya waye ba a gan shi a bakin aiki ba.

Na sauke albasa a Anacha, na zauna Gariki a Inugu, na yi harkar shanu a mayankar Trans Amadi ta Fatakwal. Ko'ina fashin yaranmu yana da lokacinsa. Da ruwan fari ya sauka a Arewa, hankalin ɗan ci-rani ya koma gona. Sallah na ƙaratowa, kowa ya kama neman mota. Kada ka yi fushi da abin da ka san yana tafe. Tun cikin azumi ka tara su, ku tsara wanda zai je ƙaramar Sallah da wanda zai jira babba. Mai tafiya kuwa ku tsayar da ranar dawowarsa a gaban shaida, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun watan Agustan 2021 aka sha rufe kasuwannin Anacha da Inugu ranar Litinin saboda umarnin zaman gida. Na ga masu gidan da suka zaftare kuɗin yaro don tsoro ya hana shi fitowa. Kada ka bi sahunsu. Cinikin wuni ɗaya bai kai ran ɗan mutane ba.

Wanda ya ɓace ba sallama fa, fara da tambayar lafiyarsa. Na taɓa aikawa a dubo mini wani yarona, aka iske shi a ɗakin da suke kwana bayan masallaci, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, ko ruwa babu mai miƙa masa. A nan ba shi da uwa, ba shi da uba, kai ne nasa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta ba ma'aikaci hutun jinya har kwana 12 a shekara da albashinsa, in likita ya tabbatar, balle kai da aka damƙa wa amana.

Amma tausayi daban, sakaci daban. Akwai mai fashi yau da gobe, kullum da sabon uzuri, sauran yara na ɗaukar nauyinsa suna ƙunƙuni. In ka yi shiru, su ka zalunta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kira shi gefe, ba a gaban masu saye ba, ka bincika ko bashi ne, ko caca, ko ƙwaya. In ya maimaita, sa dattawan unguwa ko Sarkin Hausawa a magana. In rabuwa ta zama dole, biya shi haƙƙinsa cif, ka ƙara masa kuɗin mota, sannan ka kira wanda ya kawo maka shi ka shaida masa ranar da ya taso.