Gidan Kanmu da Takardar Fili

Shekara 16 ke nan muna zaman haya a Talata Mafara, mu da yara biyar cikin ɗaki biyu. Tun da mutanen ƙauyukan Maradun da Bakura suka fara gudowa saboda ƴan bindiga, haya sai hawa take yi, gama ɗaki ya yi wuya.

Muka ji labarin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Mai albashi yakan zuba kashi 2.5 cikin 100 kowane wata, sa'an nan ya nemi rance da ruwa kashi 6, ya biya cikin shekara 30. Muka yi murna ƙwarai, har uwargida ta zaɓi inda za ta dasa zogale.

Ashe rancen gini sai da takardar mallaka mai sa hannun gwamna, yadda Dokar Filaye ta 1978 ta tsara. Filinmu kuwa, takardar mai unguwa ce da shaidu uku, kamar na yawancin maƙwabtanmu.

To, mun fara bin takardar. Kafin ta fito, kowane ƙarshen wata mukan buga bulo 50, mu jera a filin, mu kewaye da ƙaya saboda awaki.