Mun je Tawa koyon gina shafin intanet, rumfar albasa ta ƙarasa mana karatun

Jama'ar Illela, Konni, Malbaza da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwanmu masu bin mu daga Yamai, Agadas, Kumasi ko Abijan. Mu ne ƴaƴanku huɗu da suka tafi Tawa karatun kwamfuta bayan mun samu bak: biyu daga Illela, ɗaya daga Konni, ɗaya kuma daga wani ƙauye kusa da Galmi. Duk hutun da muka zo gida, tambaya guda ce ke tarbar mu tun daga tasha: "Wai ku mi kuke karantawa ne?" In muka ce muna koyon gina shafukan intanet da manhajojin kasuwanci, sai a ce, "Af, gyaran salula ke nan," a miƙo mana wayar da gilashinta ya fashe. Gwaggon ɗayanmu kuwa har gobe tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta Facebook yake wa aiki. Shi ya sa muka ga gara mu zauna mu ba ku labarin sau ɗaya, har da inda muka ji kunya.

Jami'ar Tawa a 2010 aka kafa ta, lokaci guda da ta Maradi da ta Damagaram. Yau tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, Adar ɗin nan da sarkinta ke zaune a Illela. A zamanin yayyenmu, mai son jami'a yawanci sai Yamai ko ƙetare. Mu kuwa mota ɗaya muke shiga, mu bi ta Badagishiri, kafin azahar muna aji. Wannan kaɗai ya sa iyayen da ba za su iya riƙe yaro a Yamai ba suka yarda suka sake mu, musamman mace ɗayar da ke cikinmu.

Abin da ake koya mana, in za mu faɗe shi da harshen magina, kamar gina shago ne. HTML shi ne tubali da ginshiƙi, shi ke cewa nan ƙofa, nan taga. CSS shafe ne da fenti. JavaScript shi ke sa in ka taɓa abu ya motsa. Amma duk wannan gaban shago ne. Ainihin aikin yana can ciki, inda mai saye ba ya gani: wata kwamfuta da ake kira sabar, wadda ba ta barci, tana karɓar saƙo tana ba da amsa, da rumbun bayanai inda ake ajiye komai. Mu da PHP da MySQL muka fara. Rumbun bayanan nan ba wani abin tsoro ba ne, kayen bashi ne irin na ƴan kasuwa, sai dai shi ruwa ba ya jiƙa shi, gara ba ta cin shi, kuma in ka tambaye shi wa da wa ake bi tun watan azumi, nan take zai jero maka su. Kafin a bar ka ka rubuta ko layi ɗaya, sai ka zana tsarin a takarda da wata hanya ta Faransawa mai suna Merise. A lokacin mun tsani darasin nan. Yanzu mun san da mun saurare shi da kunne biyu, da ba mu sha abin da muka sha ba.

Da lokacin istaj ya zo, abokan ajinmu suka bazu neman ofisoshi. Mu sai muka ce ai muna da ɗan kasuwa a gida. Kawun ɗan Galmin nan namu dillalin albasa ne, duk mu huɗu Kawu muke ce masa. Yana saye a hannun manoman Galmi da Tsarnawa lokacin da ake cire ta kuɗinta ya faɗi, ya zuba wata a rudu ya jira ta yi tsada, wata kuma ya loda manyan motoci zuwa Gana. Tun kafin shuka yana ba manoma bashin iri da na man injin ban ruwa, a biya shi da albasa. Duk wannan lissafi yana cikin kaye uku da yaronsa ke rubutawa da boko, da wani ƙaramin littafi na ajami da ke aljihun Kawu, da kuma kansa. Da muka gaya masa abin da muke so mu yi, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "To, ku yi. Ba ni hana yaro karatu." Daga baya muka gane kunyar ƴar uwarsa ce ta sa ya yarda.

Wata biyu muka yi muna aiki, kuma wallahi abin ya yi kyau a ido. Manyan hotunan albasar Galmi mai jan ɓawon nan da duniya ta sani, rubutu da Faransanci mai tsabta, kwandon saye, har da wurin biya da katin banki kamar yadda muka gani a shafukan Turai. A kwamfutarmu yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Muka ɗauko shi da alfahari muka zo rumfar Kawu, muka sa a wayar yaronsa. Rezo sanda biyu. Muka tsaya, muka tsaya, har aka kawo shayi aka sha zagaye na farko hoton bai gama sauka ba, kuma ya cinye megan da yaron ya saya da kuɗinsa. Da ya buɗe, Kawu ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Wanga kuɗi da kunka rubuta, na yaushe ne?" Muka ce na makon jiya. Ya yi dariya. "Albasa tana da kuɗin safe, tana da na marece. Kuma wa kunka taɓa gani ya sayi mota guda ta albasa bai sa hannu cikin buhu ba?"

Gaskiyarsa. Mai sayensa na Kumasi shekaru suka yi suna hulɗa, da saƙon murya na WhatsApp suke gama ciniki, kuɗi kuma su zo ta hannun amintacce ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su NITA, Amana da Al Izza da kowa ya sani. Katin banki babu wanda ke da shi a duk layin rumfunan. Mun gina ƙofar gilashi a gidan da ba ta nan ake shiga ba. Abin da Kawu ke bukata ba talla ba ce, albasarsa ba ta rasa mai saye. Kayen nan uku ne ke hana shi barci, don in yaron ya yi tafiya ko shafi ya yage, sai rantsuwa tsakaninsa da manomi.

Muka rushe, muka sake. Wannan karon babu hoto ko ɗaya: sunan manomi, abin da ya karɓa, buhun da ya kawo, abin da ya rage. A nan ne muka yi kuskuren da har yau in muka tuna sai jikinmu ya yi sanyi.

Ranar da aka loda mota buhu 300, yaron Kawu ya zo shigar da kuɗin ƴan dako. An yi da su dala arba'in kowane buhu. Kowa a ƙasar nan ya san dala tamma biyar ce, wato faran 5, dala arba'in kuwa faran 200 ke nan. Yaron ya rubuta 40 kamar yadda bakinsa ya saba faɗa. Manhajarmu, da yake da Faransanci muka yi tunaninta, ta ɗauka faran 40 ne. Ta buga, ta fito da 12,000. Yaron ya ga na'ura ce ta faɗa, kuma ƴan jami'a ne suka yi ta, sai ya ƙirga jika goma sha biyu ya miƙa wa shugaban ƴan dako, alhali haƙƙinsu jika sittin ne. Mutanen da suka yini suna ɗaukar buhu a rana, gumi na zuba. Kafin ka ce me, rumfa ta cika, murya ta tashi, har an fara cewa Alhaji ya kawo inji don ya cuci talaka. Kawu ya fito daga masallaci, ya ji bayani, ya yi lissafin da ka kafin mu buɗe kwamfuta, ya cika musu jika arba'in da takwas, ya ba su haƙuri. Mu bai ce mana komai ba sai da dare. "Ku da kunka tashi kuna sayen ƙosai da dala, yaushe kunka manta ta?"

Ba mu da amsa. A aji ba a taɓa kawo misali da dala ba, littattafan da muke karantawa ba a nan aka rubuta su ba. Amma laifin namu ne, don darasin Merise ɗin da muka raina cewa yake yi ka fara zama da mai aikin, ka ji yadda yake kiran abubuwansa, kafin ka zana komai. Mu kuwa mun ɗauka mun san gida. Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba: yanzu in ka rubuta lamba sai ka zaɓi dala, jika ko faran, kuma manhajar ta maimaita maka da manyan baƙaƙe, "jika sittin", kafin ka amince.

Daga nan idonmu ya buɗe, muka fara ganin sauran ramukan. Masu zuwa daga Illela ta Sakkwato, wadda ke tsallaken Konni, da naira suke biya. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya faran 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba. Sai muka sa gurbin da yaron zai shigar da canjin ranar kowace safiya, bayan ya kira ƴan canji. Af, maganar Illela biyu: ku gwada neman sunan garinmu a Google ku gani, sau da yawa ta Najeriya ce ke fara fitowa. Duk mai son a same shi a intanet daga nan, dole ya haɗa da Tawa ko Nijar, in ba haka ba a aika masa baƙo wata ƙasa.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Duk manomin da sunansa ya fara da Ɗan, sai ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, don ba mu saita rumbun bayanan ya karɓi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Saitin UTF-8 ne kawai, abin minti biyu. Amma ku duba, tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. In mu masu gina waɗannan abubuwa ba mu kula da haruffanta ba, ba mu san wa zai kula ba. Mun cire Faransancin gaba ɗaya daga fuskar manhajar.

Wuta da rezo kuwa ba sai mun gaya muku ba. Kun tuna Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba mu, aka rufe iyakar Konni har zuwa Maris na 2024. Muna shekarar farko a lokacin, mun yi karatun kwamfuta da alƙalami da takarda fiye da yadda muka yi da kwamfutar. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 tana taimakawa, amma ba za ta ɗauki yanki duka ba. Don haka muka koyi dabarar da ta fi kowace amfani a wajenmu: manhajar ta riƙa ajiye abin da aka rubuta cikin wayar kanta, in rezo ya dawo ta tura wa sabar. Yaron Kawu yana iya shiga gonakin da babu ko sanda ɗaya, ya rubuta buhunan, da ya hau titi komai ya tafi.

Ƴan kasuwarmu, bari mu faɗa muku abin da zai rage mana ciniki: ba kowa ke bukatar shafi ba. Mai shayi, mai tireda, mai ɗinki, WhatsApp Business da ke nan kyauta tun 2018 ya ishe ku, kada wani yaro ya karɓe muku kuɗi a banza. Wanda ke bukatar irin aikinmu shi ne mai bashi da yawa a waje, ko mai kaya da yawa a ajiye: dillalin siminti a Malbaza, mai shagon magani da kayansa ke da ranar lalacewa, mai lakwal mai zaman kanta, mai motocin haya. Kuma ku sani abin ba a yin sa sau ɗaya a gama. Sabar haya ake yi, duk shekara sai an biya, haka ma sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne na ƙasarmu ne ko wani. Ƙannenmu masu shirin bak kuma, ku riƙe lissafi, ku riƙe Ingilishi, don yawancin bayanin wannan sana'a da shi aka rubuta, kuma ku fara tara kuɗin kwamfuta ko ta hannu ce. Mu huɗu da guda biyu muka yi shekarar farko, ana karɓa-karɓa.

Inda muke har yanzu ba mu daidaita ba shi ne maganar zama ko tafiya. Da muka gama aikin, Kawu ya sallame mu da buhun albasa ɗaya ɗaya da kuɗin mota, kuma a ganinsa ya kyauta, don bai ga mun ɗauki wani abu mai nauyi ba. Ba mu ji haushi ba, amma buhun albasa ba ya biyan hayar sabar. Ɗan Konni ya samu wuri a Yamai, ya ce shi tafiya zai yi, kuma babu wanda ya iya ce masa kada ya je, mahaifinsa ya sayar da sa biyu kan karatun nan. Ƴar uwarmu mace ta ce ita tana nan. Ta fara zama da ƙungiyoyin adashen mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a ƙasar nan tun 1991 kafin ya bazu Afirka, kuma wannan karon mako uku ta yi tana sauraron yadda suke ƙirga zubi da tara kafin ta taɓa kwamfuta. Mu biyun da suka rage muna tsakiya, yau mu ce Yamai, gobe mu ce gida.

Makon jiya Kawu ya kira da sassafe. Mun ɗauka wani abu ya sake lalacewa. Ashe wani manomi ne ya zo yana musun bashin man inji, yaron ya buɗe waya ya karanta masa rana da adadi, mutumin ya tuna, aka rabu lafiya ba rantsuwa. Sannan ya ce, "Amma ni ban iya karatun bokonku. Ku sa ta ta riƙa faɗa mini da baki, ko ku rubuta mini da ajami." Ya ƙara da cewa maƙwabcinsa na rumfa ma yana so, ya tambaye shi nawa ake biya, shi kuma ya ce masa bai sani ba, sai ya tambayi yaran. Mun ce masa za mu zo ranar Juma'a bayan an sauko, da takarda da alƙalami. Farashin ne har yanzu ba mu tsayar ba.