A Duba Gadon Bayan Bijimi Kafin a Bar Shi a Garke

Mafi yawanmu idan muka shiga kara, tozo da ƙaho da tsayi muke kallo. Ba kasafai mai saye yake ja da baya ya dubi gadon bayan sa daga tozo zuwa gindin wutsiya ba, alhali a nan rabin darajarsa take. Na shafe shekaru ina turke shanu domin kasuwar Sallah, kuma abin da na lura da shi a Wudil da Maigatari shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aibin baya iri biyu ne aka fi gani. Akwai bayan da ya lotsa a tsakiya kamar sirdi, akwai kuma wanda ya yi doro ya tashi sama wajen kwankwaso. Tsokar da ta bi ƙashin baya dama da hagu tana cikin naman da ya fi tsada, saboda haka baya maras ƙarfi asara ce ga mahauci. Ga makiyayi kuwa abin ya fi haka. Saniya tana ɗauke da ciki wata 9, ga nauyin tumbi, duk a rataye a ƙashin baya. Bijimi kuma da ƙarfin kwankwaso da ƙafafun baya yake barbara. Wanda bayansa ya gaza da wuri yake gajiya, ba ya kuma jure doguwar tafiyar neman ciyawa.

Sai dai ba kowane doro ne gado ba. Wani kawuna da ya tsufa a kiwo ya koya mini cewa saniyar da ta tanƙware baya dare ɗaya, a fara duba kofatonta, ko a yi zargin ta haɗiye ƙusa ko waya. Wannan ciwo ne, likitan dabbobi ake kira. Amma idan maraƙi ya tashi da aibin tun yana ƙarami, aka kuma ga irinsa a jikin ubansa da 'yan uwansa, to magana ta koma ta jini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A shekarar 2008 masu kiwon shanun Angus suka tabbatar da wata cutar gado da ke sa a haifi maraƙi a mace, ƙashin bayansa a murɗe. Da aka bi salsala, sai aka tarar ta bazu ne ta hanyar wani shahararren bijimi mai suna GAR Precision 1680, wanda aka yi ta rarraba maniyyinsa. Shi kansa lafiyarsa ƙalau. Cutar ba ta bayyana sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, a nan ne ake sa ran maraƙi ɗaya cikin huɗu zai fito da ita.

Abin da ke damuna a gida shi ne yadda muke zaɓe a juye. Idan bukata ta taso, bijimin da ya fi kyau shi ake korawa kasuwa domin ya fi kuɗi, a bar mai lotsattsen baya yana hawan karsana, wani lokaci ma 'ya'yansa. Saniya maraƙi ɗaya take bayarwa, bijimi kuwa yana iya cika garke da kamanninsa. Da haka Bunaji da Bokolo masu kyau suke lalacewa a hannunmu ba tare da mun ankara ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A tsayar da bijimi a wuri mai baiɗaya a dube shi ta gefe, a sa shi ya yi tafiya, a tambayi iyayensa. Mai aibi a dandaƙe shi a turke, namansa halal ne. A riƙa musayar bijimai tsakanin garkuna. Ina kuma roƙon masana na cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ɗalibanmu na aikin gona su kai wannan bayani rugage da harshen da makiyayi yake ji, domin bijimin da aka bari a garke bana, jikokinsa za mu saya nan da shekara 10.