Tukunyar Jirgi da Tankin Mai Faci

Tun da dogo ya ratsa Tsafe ya kai Ƙaura Namoda a 1929 mutanenmu suka san tukunyar tururi. In tururi ya yi mata yawa, sai wani ɗan murfi ya buɗe da kansa, ta yi huci, ƙarfin ya ragu. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a riƙa duba irinta, kada a wuce wata 14.

To, jirgin kwal ya wuce. Ni abin da ke damuna yau tankin iskar masu faci ne. Ruwa kan taru a gindinsa, tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki, fenti kuwa garau. A bakin hanyar Gusau na ga wanda aka ɗaure murfinsa da waya, wai yana ɓarnar iska, ga 'yan talla sun jingina da shi.