Lissafin Sihiri a D&D: Manhaja Ba Alƙali Ba Ce

 Yau ba saitin waya za mu yi ba, ba kuma dabarar tsimin data ba. Maganar wasa ce, amma ka biyo ni, za ta dawo kan wayar da ke hannunka.

Ga wanda bai sani ba, Dungeons & Dragons, wato D&D, wasan labari ne da ake yi a zaune da takarda da biro da dayis. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, shi ke yanke hukunci, sauran kowa da jarumin da yake ja. Sihirin da ake faɗa kuwa lamba ce kawai a takarda, kamar yawan harsashi a gem ɗin waya. Mu nan Ƙauyen Alu mu shida ne, duk Asabar bayan La'asar, kuma ni ke jagora.

To ga inda gizo ke saƙa. Jarumi yana hawa mataki daga 1 zuwa 20, kowane mataki da adadin gurbin sihirinsa. Ka ɗauki gurbi kamar caji: in ka yi sihiri ɗaya, gurbi ɗaya ya tafi, sai jarumin ya yi dogon hutu zai dawo. In aji ɗaya jaruminka yake, babu rigima, ka duba jadawali kawai. In ka haɗa aji biyu ne ake shiga lissafi. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ce a ɗauki dukkan matakan masu cikakken sihiri irin su wizad, a ɗauki rabin matakan faladin da renja, in an samu ɓari a yar da shi.

Ka ji kamar magana ta fito fili ko? To gwada da faladin mai mataki 3 wanda kuma renja ne mai mataki 3. In ka raba kowanne daban, rabin 3 ɗaya da rabi ne, ka yar da ɓarin, saura 1. Ɗaya da ɗaya, 2. In kuma ka fara haɗa su, 3 da 3 shida ne, rabinsa 3. Jimla ɗaya ce a littafin, amsa biyu ta bayar.

Kar ka ce ai tazarar ɗaya ce kawai. Mai 2 gurbi uku yake da su, duk na hawan farko. Mai 3 yana da huɗu na hawan farko, da biyu na hawa na biyu. A wajenmu wannan jarumin shi ne mai warkar da 'yan tawaga, kuma warkarwa a gurbin hawa na biyu dayis biyu ake jefawa maimakon ɗaya. Yaron da ke jan sa, ƙanin wani abokina ne daga Gyadi-Gyadi, ya fi wata huɗu yana rainon jarumin nan. Ya ɗago wayarsa, manhajarsa ta ce 3. Wani ya ɗago tasa, ta ce 2. Murya ta fara tashi, har aka kai ga “kana nufin ƙarya nake?” Wallahi Asabar biyu yaron bai zo ba.

Abin da nake so ka gane shi ne, babu manhajar da ta yi ƙarya. Buɗe Google Sheets a wayarka ka gani da idonka. Sa matakin faladin a A2, na renja a B2. A C2 rubuta:

=INT(A2/2)+INT(B2/2)

A D2 kuma rubuta:

=INT((A2+B2)/2)

Sa 3 da 3, C2 za ta ba ka 2, D2 ta ba ka 3. Sa 4 da 2, duka za su ce 3. Shi ya sa mutum zai shekara yana wasa bai taɓa cin karo da matsalar ba, sai ranar da lambobin biyu duka suka zama mara. Kwamfuta ba ta san “wataƙila” ba. Dole wanda ya rubuta manhajar ya zaɓi inda zai sa baka-biyu, kuma inda ya sa su, nan ya yanke hukunci. Lambar da kake gani a fuskar waya fahimtar wani mutum ce da ba ka taɓa gani ba.

Ni a haɗe na yanke, wato 3. Dalilina: faladin zalla mai mataki 3 gurbi uku yake da su, to in an raba daban, matakai ukun renja ba su ƙara masa ko gurbi ɗaya ba ke nan. A haɗe kuwa ya yi daidai da faladin zalla mai mataki 6. Amma masu cewa 2 su ma suna da hujja, don littafin ya ce sihirin da jarumi ya iya ana lissafa shi ne aji-aji, kuma haɗa aji dama da tsadarsa yake zuwa. Sai na tuna wa yaron cewa gurbi daban, iyawa daban: ya samu gurbin hawa na biyu, amma bai iya sihirin hawa na biyu ba, sai dai ya ƙara wa na farko ƙarfi. Ya karɓa, ɗayan ma ya karɓa.

Wani abin dariya, bugun 2024 ya ce ɓarin a cika shi sama. Yanzu mai rabawa daban shi ke samun 4, mai haɗawa yana nan a 3. Wanda ya yi ta hanƙoron “a haɗa” don ya ci riba, yau shi ne a ƙasa. Don haka ka zaɓi fahimta saboda hujjarta, kar ka zaɓa saboda ta yi maka daɗi yau.

Ai mu ba baƙin wannan ba ne. Ka je majalisar wot a Tarauni, ka tambaya ko ana tare “ɗauki biyu” da wata biyun, ka matsa layi na gaba ka sake tambaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wasa na tafiya lafiya muddin an faɗi doka kafin a raba kati.

Ga abin da muke yi yanzu, kai ma ka gwada:

1. A fara yarda da bugun da ake bi, 2014 ko 2024. Kar a gauraya.
2. A sauke takardar dokoki ta SRD, kyauta ce, kamfanin ya sake ta ƙarƙashin lasisin Creative Commons tun 2023. Kowa ya karanta jimlar da kansa.
3. Wanda zai haɗa aji ya faɗa wa jagora kafin ya hau matakin, tun ran gini ran zane.
4. Jagora ya rubuta hukuncin da dalilinsa a Google Docs ɗaya, a maƙala adireshinsa a saman guruf ɗin WhatsApp.
5. In manhaja ta saɓa wa abin da aka rubuta, a gyara lambar da hannu.

In gardama ta taso ana tsakiyar wasa, jagora ya yanke na wucin gadi a ci gaba, a tattauna bayan Magariba. Gurbi ɗaya bai kai a rasa ɗan uwa a kansa ba. Allah Ya bar zumunci.