Saitama da Shago: gwanin da ba ya faɗuwa

Rubutun wannan makon a kanmu ya faɗo, kuma za mu ɗan bar zancen ƙa'idojin rubutu mu leƙa gidan dambe.

A nan Tukur-Tukur samari kashi biyu ne a harkar kallo. Akwai masu tura wa juna katun ɗin Japan, wato anime, ta Xender a shagon caji. Akwai masu ƙarar da data wajen kallon damben Kano da na Dei-Dei a YouTube. Mu dai muna cikin kowanne, shi ya sa muka daɗe muna ganin Saitama da Shago kamar 'yan gida ɗaya.

Ga wanda bai san Saitama ba, shi ne jarumin One Punch Man. Wani Bajapane mai laƙabin ONE ya fara zana shi a intanet a 2009, aka mayar da shi katun a 2015. Shekara uku ya yi yana gudun kilomita 10 kullum, da motsa jiki kala uku, kowanne sau 100, har gashin kansa ya zube. Sakamakon haka duk dodon da ya tunkare shi, naushi ɗaya ya ishe shi. Amma maimakon murna sai gundura ta kama shi. Mutumin da zai iya fasa dutse, babbar damuwarsa kada ya makara ranar da kanti ya yi ragin farashi.

Shago kuwa ba mu riske shi a fage ba, ta bakin Ɗan Anace muka san shi, kamar yawancin sa'o'inmu. Abin lura shi ne da wuya dattijo ya ambaci Shago bai haɗa da Ɗandunawa ba. Me ya sa? Domin ɗan damben da kowa ya san zai yi kisa tun turmin farko, kallonsa ba ya daɗewa yana daɗi. Ranar farko a yi sowa, masu kalangu su zuba kiɗa, a yi ta liƙi. Bayan 'yan watanni sai ka ji 'yan kallo sun koma tambayar wa zai kashe shi. Sai an samu wanda zai iya tsayawa gabansa har turmi na uku sannan filin yake cika kamar da. Makaɗin ya gane haka, shi ya sa bai tsaya ga gwani ɗaya ba, ya waƙe Ɗandunawan ma.

Haka ta faru da Mike Tyson. A 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, wasu ko zama ba su gyara ba. Amma damben da aka fi ba da labarinsa shi ne na 1990 a Tokyo, inda Buster Douglas, wanda ba a saka shi a lissafi ba, ya kai shi ƙasa a turmi na 10.

To ga inda abin ya shafe mu. Ɗan dambe na gaske shekaru ne ke warware masa wannan matsala: hannu ya yi nauyi, wani yaro ya taso, a yi kisa, labari ya samu ƙarshe. Jarumin takarda kuwa ba ya tsufa sai marubuci ya so. Mu duba littattafan da muke turawa a WhatsApp da Wattpad. Jarumin matuƙin jirgi ne kuma likita, ɗan sarki, fari, dogo, miskili, 'yan mata na mutuwa a kansa, ko Ingila ya je shi ne na ɗaya a aji. Idan aka sace jarumar a babi na 20, babu mai karatun da gabansa zai faɗi, don an san kira ɗaya zai yi a waya. Daga nan sai mu ga masu sharhi sun ragu, mu ce hassada ce ko rashin data.

Shi ONE bai rage wa jaruminsa ƙarfi ko kaɗan ba. Fargabar ya kwashe ya ɗora wa na kusa da shi. Ku tuna faɗan Sarkin Teku. Mumen Rider, ɗan ƙaramin jarumi mai yawo a keke, ya tsaya gaban dodon cikin ruwan sama, ya san ba zai iya ba, kuma ya faɗa da bakinsa, amma bayansa akwai jama'a a maɓoya. Aka yi masa dukan kawo wuƙa. A nan idon mai kallo yake cikowa, tun kafin Saitama ya iso. Bayan naushin kuma wani cikin jama'a ya fara yi wa jaruman da suka sha kashi ba'a, sai Saitama ya yi ƙaryar cewa su ne suka galabaitar da dodon, shi ya zo ne kawai ya kwashi banza. Ya bari aka tsane shi don mutuncinsu ya tsira. Jikinsa ko ƙwarzane babu, amma ya yi asarar abin da naushi ba ya dawo da shi.

Ba sai mun je Japan ba ma. Ahmadu Ingawa, kafin ya ba Iliya Ɗan Maiƙarfi ƙarfinsa, sai da ya zaunar da shi shekaru ba ya iya tafiya. Duk bajintar da ta biyo baya, mai karatu yana auna ta da wancan zaman.

Wasu cikinmu za su ce masu karatu ne ke son miskilin mai kuɗi, in ka kawo talaka ba a saye. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu ce a talauta shi ba. A bar masa jirginsa da gidansa na Abuja. Amma a ba shi uwa da kuɗinsa ba ya sa ta yafe masa, ko ƙane da ya tsane shi da hujja, ko a sa direbansa ya zama shi ne mai keken, wanda zai shiga gidan masu garkuwa da jakar kuɗin fansa yana rawar jiki, shi kuma maigidan yana zaune a falo riƙe da wayar da ta ƙi yin ƙara.